Shekara Sittin da Takwas

Likitocin ido sun zo Garwa daga waje, za su yi kwana uku suna cire wa mutane yana. Ni da maƙwabcina Hanzala muka shigo mota ɗaya daga Pitowa. Ni ina ganin hanya dishi-dishi. Shi kuwa tun bara 'yarsa Zuwaira ke jansa da sanda.

Muka ba da katinmu na shaida, aka shigar da sunayenmu a kwamfuta. Ita za ta jera mutane, tsofaffi a gaba. Har azahar takarda ba ta fito ba.

Bencinmu na jikin tagar ofis. Wata Jocelyne, mai kula da na'urar, ta danna, allo ya yi jan rubutu. Ta raba sunayen gida biyu, ta gwada kowane rabi. Rabin da ya ƙi ta sake raba shi, kamar mai neman ruɓaɓɓen ƙwai a kwando. Abin ya burge ni har na manta da ƙishirwa.

Can ta kira shugaban aikin, wanda suke ce wa Mushe, wato Malam da Faransanci. "Mushe Didier, na gano. Wanda ya tsara wannan abu, da sakan ya sa shi ƙirga shekarun mutum, daga ranar haihuwa zuwa yau. Mazubin kuwa sakan biliyan biyu da 'yan kai yake ɗauka. Shekara sittin da takwas ke nan. In mutum ɗaya ya wuce haka, sai ya tumbatsa, jerin duka ya tsaya."

Na yi ta juya maganar a raina. Ashe ran mutum kamar gero ne, akwai tiyar da ba ta cin sa.

"Gyara," in ji Didier.

"Kalma ɗaya ce. A ce masa ya ƙirga da kwana. Amma mai mabuɗin shiga yana Yawunde, ba ya ɗaga waya. Sai Litinin."

"Likitoci Asabar za su tafi. Mutum nawa suka tumbatsa?"

"Sha tara."

"Zubar da su."

"Mu rubuta su da hannu mana, shef."

"Masu aikin ba sa karɓar rubutun hannu. Zubar."

Takarda ta fito. Sunana na shida. Babu Hanzala.

Ga abin da ya faru da katinmu. Ni na girmi Hanzala da shekara shida, na ma goya shi. Amma da za a kai ni lakwal, makarantar boko, malami ya ce na yi gemu, sai baffana ya sa aka rage mini huɗu. Hanzala kuma, shekarar 'yancin kai aka haife shi, amma ubansa ya ƙara masa bakwai don a ɗauke shi aiki a injin gurzar auduga. A takarda ni sittin da shida, shi saba'in da ɗaya.

Zuwaira ta kai shi bakin taga.

"Ranka ya daɗe, sittin da huɗu gare shi. Ga wanda ya goya shi nan, ku tambaye shi."

Didier ya leƙo ya dube ni. "To Baba, kai ne ka wuce sittin da takwas ke nan? In cire ka in sa shi?"

Na dubi ƙasa. Duk da dishi-dishin idona, na ga wata tururuwa tana jan fiffiken fara.

"Ka ji shaidarku," in ji Didier, yana dariya, ya juya kan Hanzala. "Baba, kai ka ci ribar shekarunka tun kana yaro. Me ya rage ka gani? Saba'in da ɗaya, ai ka ga komai."

Hanzala ya juyo da fuskarsa wajen da ya ji numfashina. "Yaya, ba ka ji an tambaye ka ba?"

Aka kira na shida. Na tashi.

Ran Talata na koma a duba mini ido. Duniya ta yi tas, har igiyoyin lantarki ina ƙirgawa. Jocelyne ta gane ni. Ta ce mutumin Yawunde ya gyara jiya, ko minti uku bai yi ba. Ta miƙo mini sabuwar takarda in kai wa maƙwabcina, ko likitocin za su dawo baɗi. Sunansa na huɗu.

Na same shi a ƙofar gida yana murza igiya. Na yi sallama. Ya kira Zuwaira ya ce ta zo ta duba masa ko wane ne.