Hannun Dama na Gasparo

Da Gasparo ya mutu, duk garin Lucca ba wanda ya yarda ya zauna a gaban cembalonsa, abin kiɗan nan mai tsarkiya da ake latsawa da yatsu, sai ni Baldo, don tare aka haife ni da taurin kai. Matarsa Fiordelisa, wadda ta shekara talatin tana kiɗan goge yana raka ta da cembalo, ita ta aiko a kira ni.

A sana'armu kiɗan hannun hagu kaɗai ake rubuta wa mai cembalo, da 'yan lambobi a ƙasa. Abin da hannun dama zai yi kuwa naka ne, nan take kake ƙirƙira shi. Da shi ake gane makaɗi ko ta bayan bango. Shekara ashirin na yi ina gina nawa, kuma ba ni da abin alfahari da ya fi shi.

Ranar farko da hantsi, muna tsakiyar kiɗa, ƙaramin yatsana na dama ya ɗage sama ya ƙi sauka. Sauran huɗun suka bi wata hanya da ban taɓa bi ba, mai daɗi ƙwarai, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Na tsaya. "Uwargida, sanyi ya kama min hannu."

"Sanyi a watan Yuli? Kai Baldo, ko ƙarya ba ka iya ba." Ta gyara gogen a ƙarƙashin haɓarta. "Ci gaba. Shi ma Gasparo yatsa huɗu gare shi a dama, tun yana yaro wuƙa ta cire ɗayan."

Da mai hankali ne, da ya ɗauki hularsa ya fita. Ni na koma washegari, da ranar da ta biyo baya, wai sai na ƙwato hannuna da ƙarfi. Kullum sai in tarar an saka sababbin fukafukan hankaka masu kaɗa tsarkiya a cikin cembalon, an fere su gajeru, ba yadda nake so ba. Fiordelisa ta rantse ba ta ko buɗe murfin.

Ranar Asabar tsoro ya kama ni sosai. Na gudo gida da rana tsaka, na zauna a gaban nawa cembalon, na ɗauko waƙar da na yi wa matata Nencia tun muna neman aure. Ba ranar da ba ta jin ta daga hannuna.

Ban kai rabi ba muryarta ta fito daga madafa.

"Baldo, baƙo muka yi? Wa ke taɓa maka cembalo?"