Buhun Siminti a Tashar Sheme

Kai ma ka gani. Ka wuce ta tashar Sheme a kan sabon babur ɗinka, ka ga ana jefo wa mutum buhu a ka daga saman mota, ka kau da kai. To, ga abin da ka ƙi tsayawa ka kalla.

Mamuda ya shekara tara yana dakon auduga. Aikinsa shi ne ya hau saman tarin buhuna, ya mirgino ɗaya zuwa baki, ya ce "Karɓi!" ya saki. Na ƙasa ya tare da kai ya wuce. Auduga tana da laushi, ba ta taɓa ji wa kowa ciwo ba.

Shekarar da aka shiga gina firamare a kowane ƙauye, sai ga mota cike da siminti. Ɗan kwangila ya haɗo ta da wani saurayi, Malam Hadi, don ya nuna wa 'yan dako yadda ake saukewa. Malam Hadi ya jingina katako a jikin motar.

"A zuro buhu ta kan katakon nan," in ji shi. "Mutum biyu su kama, su durƙusa, su miƙe da ƙarfin ƙafa, sannan su aza wa mai ɗauka."

Baba Almu, sarkin dako, ya leƙa motar. "Malam, wanga ɗan buhun? Ai matashin kaina ya fi shi girma. Mutum biyu, sai ka ce saniya ta faɗa rijiya!"

Aka fashe da dariya, har da Mamuda.

Abokinsa Harisu ya gyara gammo, ya tsaya a ƙasa. Daga Yargoje ya zo cin rani, shi kaɗai ke nome gonar gidansu, ga damina ta kusa.

"Sako mini, malalaci, rana tana yi!"

Mamuda ya ja buhun, ya ji ya ƙi mirginawa. Ya yi mamakin nauyinsa, amma hannu ya riga ya saba.

"Karɓi!"

Harisu ya zauna daɓas, sannan ya kife gefe. Bai yi ihu ba. Mamuda ya diro yana jijjiga shi, yana jira ya tashi ya zage shi.

"Kar ku motsa shi!" Malam Hadi ya daka tsawa.

Harisu ya buɗe ido, fuskarsa fari fat da siminti. "Mamuda," ya ce a hankali, "wa ya ɗauke mini ƙafafu?"

Mamuda ya dubi ƙafafun. Ga su nan a miƙe, da takalmansu.

Damina ta sauka, Harisu yana kwance a kan tabarma, sai an juya shi. Ciyawa ta cinye gonar.

Har yau ana jefo siminti a Faskari, ana jefowa a Sabuwa. Ranar da ka sake gani, ka kashe babur ɗinka, ka sauka, ka hana a saki buhun har sai an kawo katako an koya musu.