Sauka Ya Yi, Ba Tashi Ba

Ya zazzage ledar magungunan matarsa a kan teburin likita, ƙwayoyi suka tarwatse, ɗaya ta gangara ƙarƙashin kujera. Gyaran rediyo ne sana'arsa, amma a gida Dokta ake ce masa, don tun da ciwon sukari ya kama matarsa shekara tara ke nan, shi ke ɓallo mata ƙwayar safe, shi ke gadin gwangwanin sukari. Duk karatun likitancinsa bai wuce tabarau da bayan kwali ba.

Likitar ta ɗaga wani falle. "Wannan fa? Ba mu muka rubuta ba."

"Nawa ne, ragowar na ciwon ƙirji. Tari take yi, na ga kar ya lalace a banza."

"Kwana nawa tana sha?"

"Huɗu."

"Baba, wannan in ya haɗu da ƙwayarta, ƙara mata ƙarfi yake yi. Sukarinta sauka ya yi, ba tashi ba. Da ta fara gumi da rawar jiki, an ba ta wani abu mai zaƙi?"

Ai ta roƙa. Da hantsi ta riƙe masa hannu, ta ce shayi take so, da sukari cokali biyu kawai. Ya ce, "Kwaɗayi dai! Ni za ki langaɓe wa?" Har da dariyarsa. Ya ɗora gwangwanin can saman kabad ya tafi shago. Da azahar ya dawo ya same ta a ƙasa.

"Ba a ba ta ba," ya ce.

"Ta farfaɗo. Amma ƙwaƙwalwa ta daɗe ba sukari. Abin da zai dawo, sai mun gani."

A ɗakin marasa lafiya ya tarar da babbar 'yarsu tana fama da uwar, ga nas tsaye da ƙwaya a tafin hannu.

"Baba, zo ka yi mata magana, ta ƙi buɗe baki," in ji 'yar.

Ya sunkuya. "Uwargida, daure ki sha."

Ta dube shi da kyau, irin kallon da ake yi wa baƙo mai kirki, ta ja mayafi ta rufe kafaɗa.

"Bawan Allah, ka yi haƙuri," ta ce. "Ba na shan komai sai maigidana ya zo ya duba. Shi ya san abin da ba zai cuce ni ba."

Ya jawo kujera ya zauna.

"To," ya ce. "Mu jira shi."