Saurar da Shehu ya kira daji

Shehu ɗan Gimbiya ya dafa Alƙur'ani ya yi ƙarya, kuma ƙaryar nan ta cinye ƙauye guda.

Da aka datse gulbi a Bakolori, ruwa ya haɗiye Tungar Adda, wani ɗan ƙauye a ƙasar Maradun. Kamfanin Turawan da ya yi aikin ya shiga jayayya da hukuma kan wanda zai ba mutanen gonakin musanya, har magana ta kai wata kotu a ƙasar waje. Kamfanin ya ce wurin daji ne. Shehu, tafintansu, haifaffen Tungar, shi ya tsaya musu.

Tun kafin ruwa ya iso Shehu ya kai mai ɗaukar hoto saurar wani manomin Tungar, Bawa, wato gonar da ya bari ta huta har sabara ta rufe ta. Kowa a nan ya san saura ba daji ba ce. Alƙalan can ba su sani ba. Suka ga hoto, suka ji rantsuwa, suka yarda. Mutanen Tungar suka tashi ba ko taƙin ƙasa.

Bawa ya koma Talata Mafara yana dako a kasuwa. Abin da ya fito da shi daga gida irin maiwar mahaifinsa ne a cikin gora. Duk damina sai ya shuka kaɗan a fasasshiyar tukunya bayan ɗakin aro, don kada irin ya mutu kafin ya sami gona. Matarsa Taiba ta ce tukunyar ta fi ta samun hira. Gaskiya ta faɗa. Idan hadari ya taso daga gabas Bawa kan tsaya a kan tukunyar yana lissafa mata wuraren da ruwa ya ci: gawon bakin gona, rijiyar Saude, inda aka rufe mahaifiyarsa.

Ran wata Talata suka yi kiciɓis da Shehu, Bawa ɗauke da buhu. Shehu ya fara doguwar gaisuwa. Bawa ya katse shi.

"Malam Shehu, a dajin nan naka uwarka ta yanke maka cibi?"

"Haba Bawa, abin da ya wuce ya wuce."

"Ya wuce ga wanda ke da inda zai shuka."

Sai shekarar fari ta zo. Ruwan dam ya ja baya, Tungar Adda ta fito daga laka: duwatsun gindin rumbuna a jere, turmin dutse, bakin rijiya. Bawa ya tafi da ƙafa. Ya gane duwatsun rumbun mahaifinsa, ya zauna a kai har rana ta yi sanyi. Jama'a suka gani, lauyan hukuma ya gani, aka sake buɗe shari'ar. Daji ba ya gina rumbu.

An ba Bawa gona wajen Bakura. Maiwar ta yi, amma ya ce furarta ba ta kai ta gida ba, kuma har yanzu in ya tashi nuna gabas, wajen ruwan nan hannunsa ke fara zuwa.

Shehu kuwa alƙali ya ɗaure shi kan shaidar zur. Da ya fito, ba a sake sa shi shaidar ɗaurin aure ba, kuma ko jinjirin watan azumi ya ce ya gani, ba a karɓa.