Sukarin Shayi a Giyar Clifford

"Rabin cokali a kowace kwalba," in ji Clifford. "Kada ka wuce haka, in ba so kake su riƙa fashewa ranar jana'izata ba."

Norman Pople yana zaune kusa da gadon da aka sauko da shi falo, hularsa a gwiwa. Tun Kirsimeti maƙwabcin nasa bai ƙara hawa bene ba. Ciwon huhu ya cinye shi, ba ka ganin komai sai hanci da kunnuwa. Ganga ɗaya ta giyar tuffa ta rage masa a ɗakin bayan gida, ta gama tsima, saura zubawa a kwalabe da ɗan sukari don ta yi kumfa. Ita yake so a sha ranar da aka binne shi.

"Na sani mana, ai kai ka koya mini. Ina ka ajiye sukarin giyar?"

"Ba ni da shi. Shiga kicin ka ɗauko na gwangwanin nan kusa da buta."

"Wancan ai na shayi ne."

"Shi nake nufi. Da shi nake yi tun kafin ka fara sanƙo."

Norman ya yi dariya, a zatonsa maganin asibiti ne ke magana. Kaf ƙauyen nan na Somerset ba wanda bai haddace dokar Clifford Vowles ba: sukarin shayi kashe giya yake yi, sai dai lallausan garin sukarin nan da ake sayarwa a shagon masu haɗa giya. Wa zai yi musu da mutumin da ya ci gasar ƙauye sau goma sha huɗu? Shi kam Norman, da Clifford zai ce a juya ganga da hannun hagu, da hagun zai juya.

Amma Clifford bai yi dariya ba.

"Da na shago da na shayi duk ɗaya ne, tsoho. Sai dai ka ɗan rage, na shayin ya fi ƙarfi."

Nan take Brenda ta faɗo wa Norman a rai. Shekara ashirin da uku da suka wuce ciwon baya ya kwantar da shi lokacin kaka, matar tasa ta karɓi aikin. Ba baƙuwa ba ce, a gonar tuffar mahaifinta ta tashi. Ita ta tsinko, ta matse, ta tsima, ta zuba a kwalba, duk da sukarin kicinta. Da giyar ta nuna aka kira Clifford ya ɗanɗana. Ya tambayi irin sukarin, ya kurɓa, ya juya a baki, sannan ya tofar a kan ciyawa. Ranar Norman ya buɗe kwalabe sittin ɗaya bayan ɗaya ya tuttular a kwata, maƙwabta na leƙe ta kan shinge, ya ce mata ta tsaya iya tukwanenta. Ƙafarta kuma ba ta sake taka ɗakin giya ba.

"To, ta Brenda fa?" in ji Norman.

Clifford ya daɗe yana tari kafin ya amsa.

"Ban taɓa sa irinta a baki ba, har yau ɗin nan. Kuma a lokacin saura sati biyu gasa. Ka ga laifina?"

"Kana tsaye na zubar da ita."

"Ni ban ce ka zubar ba, Norman. Tofarwa kawai na yi."

Wannan maganar ta fi komai yi masa ciwo, domin gaskiya ce. Shekara da shekaru yana yi wa mutumin nan yankan shinge, yana kai shi asibiti, yana tafa masa in ya karɓi kofin gasa, ashe shi aka mayar ɗan wawa. Ya sa hularsa ya fita ba sallama.

Kwalaben dai ya cika su, guda arba'in, rabin cokali rabin cokali, don shi ba ya barin aiki a tsakiya. Falon ne bai ƙara shiga ba. Clifford ya aiko sau biyu, Norman ya ce a ce mura yake yi. A rana ta goma sha tara, wata Talata da safe, motar kwasar shara na ƙugi a layi, aka ja labulen falon, alamar Clifford ya rasu.

Bayan an dawo daga maƙabarta aka taru a zauren coci. Kowace kwalba aka buɗe sai ta yi tas, kumfa ya taso, tsofaffi na girgiza kai suna cewa an yi rashin gwani. Brenda ta kurɓi rabin kofi ta ce, "Allah sarki Clifford, shi dai ya iya." Norman ya ajiye nasa bai taɓa ba.

Da la'asar a gida, tana zaune a kicin ta cire takalman coci, ya tsaya a bakin ƙofa ya faɗa mata duka, bai rage ko kalma ba. Ta saurara har ya gama.

"Da daɗi, ya ce?"

"Ya ce bai taɓa shan irinta ba."

"Kai fa? Ka ɗanɗana kafin ka zubar?"

Bai ɗanɗana ba. Ya laluba aljihu, ya ciro mukullin ɗakin giya ya ajiye a gabanta.

Brenda ta dubi mukullin, ta dubi yatsunta da sanyin ƙashi ya lanƙwashe.

"Yanzu, Norman? Da ko murfin kwalba sai ka buɗe mini?"

Ta dafa tebur ta miƙe a hankali, ta ɗora buta a wuta, ta tsaya tana jira ta juya masa baya. Mukullin yana nan inda ya ajiye shi.