Ƙaramin Dutse a Ƙarƙashin Ƙaya

A garinmu Wenbury, a gaɓar tekun Connecticut, dangin Stannard iri biyu ne, akwai na Tudu, akwai na Fadama. Mu ne na Tudu. Tun ban iya ɗaure igiyar takalmina ba na san wannan bambanci, don Gwaggo Lavina, yayar babanmu, wadda ta raine mu ni da ƙanena Warren, ba ta bari a tashi daga kan abinci ba ta tuna mana ba.

Yadda take ba da labarin, kakanmu na farko, Jabez Stannard, masaƙi ne. Ya baro Ingila a jirgin ruwa shi da matarsa Tamsin, cikin mutanen da suka sare dajin nan suka kafa gari. A tsakiyar teku Tamsin ta haifi ɗa namiji aka sa masa Eliakim, kuma daga shi muka fito. Ba su daɗe da sauka ba Tamsin ta rasu, Jabez ya auri wata mai suna Mehitabel. Daga ɗanta Josiah na Fadama suka fito, daga wajenta kuma suka gaji rawa.

Rawa muke ce wa ciwon. Mutum zai tashi garau, ya yi aure, ya hayayyafa, sai ya doshi arba'in yatsa ya fara motsi ba da izininsa ba. Daga yatsa sai kafaɗa, sai wuya, har jikin duka ya daina jin maganarsa. Harshe ya karye, hankali ya bi baya, loma ta riƙa shaƙe shi. Ba ya kisa da wuri, muguntarsa ke nan. In uwa ko uba na da shi, cikin 'ya'ya wasu za su tsira wasu su kamu, kuma ba likitan da zai gaya maka kai a wanne ɓangare kake. Ina yarinya akwai wani Amos na Fadama da kan zo kasuwa yana tangaɗi yana watsa hannuwa. Da Gwaggo ta hango shi sai ta fizge mu mu tsallaka titi, tana cewa suna kawai muka haɗa da su, jini kowa da nasa.

Shekarar da garin ya cika ɗari uku da kafuwa, aka ce za a yi biki. Gwaggo ta samu abin da take so. Ita aka ɗora a kan tarihin gidajen farko, ta ƙudurta sai an zana bishiyar zuriyarmu an rataye a zauren coci, kowa ya zo ya ga inda muka fito. Lokacin ina da aure da Irving, malamin makaranta, ina ɗauke da cikin fari ya fara fitowa. Gwaggo har ta raɗa wa yaron suna tun bai zo ba, wai Eliakim. Na ce mata wannan suna ya fi dacewa da kwalbar maganin tari. Ta ce bakina ne zai kai ni ya baro ni.

Aikin da ya faɗo kaina shi ne kwafo rubutun duwatsun tsohuwar maƙabarta. Ana shimfiɗa takarda a kan dutse a goga baƙin kakin zuma, sai haruffan su fito farare. Gwaggo ta ce in tsaya a manyan duwatsun gaba, kada in je kusurwar da kabarin Tamsin yake, akwai ƙaya, kuma mace mai ciki ba ta da abin yi a cikin ƙaya. Da ta yi shiru da ba zan je ba. Ni kuwa tun ina ƙarama, in kana so in shiga ɗaki, ce min kada in shiga. Na sa almakashin lambu a kwando na hau tudu.

Ranar Asabar ce, da hantsi, ganyen itatuwa duk ya yi ja. Na fara da dutsen Eliakim, babba ne, da ƙoƙon kai mai fukafukai a samansa irin na mutanen da. Ina gogawa shekarar rasuwarsa ta fito, shekarunsa na duniya suka fito a ƙasa. In ka cire wannan daga wancan, haihuwarsa takan faɗo shekaru kaɗan bayan mutuwar uwarsa. Wannan ba sabon abu ba ne a gidanmu, har dariya muke yi. Gwaggo takan ce masassaƙin dutsen mashayi ne, ya rage wa kakanmu shekaru kamar wata budurwa.

Da na gama na nufi kusurwa. Ƙayar ta rufe rabin dutsen Tamsin, na durƙusa da kyar na fara yanka. Ina yanka ina mita, sai na lura ba ƙayar daji ba ce. Furen wardi ne, farin nan mai ƙananan ganye, irin wanda ke bakin ƙofar Gwaggo. A duk Wenbury ita kaɗai ke da irinsa, kuma ba ta ba kowa reshe.

A gindinsa almakashina ya bugi wani abu. Na share ganye da ƙasa da hannu. Ƙaramin dutse ne, bai fi faranti ba, irin wanda ake tonowa a gona, ya nutse har rabi. Ido bai iya karanta shi ba, sai na ɗora takarda na goga, haruffan suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya, karkatattu, aikin hannun wanda ba sana'arsa ba ce. Eliakim, ɗan Jabez da Tamsin. An haife shi a teku. Ya mutu a hunturun farko.

Ban buƙaci kowa ya yi min bayani ba. Mutanen wancan zamanin ba sa barin suna ya tafi a banza. In yaro ya mutu, wanda ya biyo baya shi ake ba sunan. A maƙabartar nan akwai Sarah uku 'yan gida ɗaya, a jere, kowa ya sani. Jaririn Tamsin bai ga bazara ba. Eliakim ɗin da ya girma ya haife mu wani ne daban, wanda aka haifa bayan Jabez ya sake aure. Masassaƙi bai sha komai ba. Mu 'ya'yan Mehitabel ne, uwa ɗaya da na Fadama.

Na zauna a ƙasa daɓas. Tsoro irin wannan ban taɓa jin sa ba, ba ya sa ihu, sanyi yake sawa. Sai abubuwan da na sani tun da suka riƙa dawowa da wata fuska. Kakana Eben, da aka ce giya ta lalata shi, aka ajiye shi a ɗakin sama. Nakan ji ƙafar kujerarsa tana bugun katako wuni guda. An sha ɗaga ni in gaishe shi, kuma ban taɓa jin warin giya a bakinsa ba, sai na taba. Ƙanwar Gwaggo, da aka ce jijiya ce ta dame ta, aka kai ta wani gida can nesa ba ta dawo ba. Sannan babanmu. Masunci ne, ya fi kifi iya ruwa, amma ya nutse ranar da teku ke kwance lumui, yana ɗan talatin da wani abu. Abin da na fi tunawa da shi shi ne lofensa, yadda yake yawan suɓuce masa daga hannu, mu yara muna rige-rigen ɗauko masa.

Ina nan zaune abin da ke cikina ya motsa. Kullum in ya motsa murna nake yi. Ranar na dafe wajen da hannu biyu ina so ya tsaya.

Ban nufi gidana ba, gidan Gwaggo na wuce. Ƙanshin waken da take dafawa kowace Asabar ya cika kicin, tukunyar tana cikin tanda tun safe. Warren na zaune a bakin tebur yana gyaran raga, ƙafarsa ta hagu tana buga ƙasa. Haka yake yi, na sha yi masa faɗa cewa ba ganga aka ba shi ba. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallon ƙafar, ina ƙoƙarin tuna ko tun yana yaro yake yi, ko bara ya fara. Na kasa tunawa.

Ya ɗago ya ga siket ɗina duk ƙasa, hannuwana duk karce. Ya tambaya ko matattun ne suka ƙi a kwafe su har aka yi dambe. Na ce ya je ya faso itace, wuta ta kusa mutuwa. Ya ce itace ga shi nan tari. Na ce ya je dai. Ya dube ni, ya dubi Gwaggo, ya ajiye raga ya fita yana cewa mai ciki ba a ja da ita.

Na shimfiɗa takardar a kan tebur. Gwaggo ba ta ko sa tabarau ba. Ta dubi ganyen da ya maƙale a hannun rigata ta ce, "Kin yanke min fure."

Na tambaye ta tun yaushe ta sani. Ta ce tun tana budurwa, ranar da ta je share kaburbura ta ci karo da dutsen. Ta dawo gida ta ji kujerar ubanta na bugun katako, ta gane. Akwai wani Silas da ke nemanta lokacin, har an sa rana, ta mayar masa da zobensa ba ta faɗa masa dalili ba. Ta faɗi wannan tana goge tebur ɗin da ba shi da datti.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce ita ta tsare kanta, ni kuma ta ɗinka min rigar aure da hannunta, ta raka ni coci, ta zauna tana zaɓa wa ɗana suna. Na ce, "Gwaggo, me na yi miki? Kalma ɗaya ce. Me ya hana ki gaya min?"

Ta ajiye tsumman. Ta ce, "Na taɓa faɗa wa mutum ɗaya, Althea. Ubanku. Na ga lofen nan yana faɗuwa, na ce gara ya sani. Na kai shi na nuna masa dutsen. Mako bai zagayo ba ya ɗauki kwale-kwale ya fita." Ta sake duban ganyen da ke hannun rigata. "Da muka dawo daga jana'iza na ciri reshe a bakin ƙofa na je na dasa a kan dutsen."

Ta tagar kicin muna hango Warren yana faskare, a bayansa can ƙasa ga kwale-kwalensa a ɗaure a bakin ruwa. Mu duka biyu shi muke kallo. Ta ce ita ta wuce sittin, hannunta bai taɓa rawa ba, ashe da ta auri Silas ɗinta ba abin da zai faru. Ta ce wataƙila mu ma haka. Wataƙila babanmu bai ba mu komai ba sai hancinsa. Ta roƙe ni in bar yaron ya yi rayuwarsa. Ban taɓa jin Gwaggo ta roƙi wani ba sai ranar.

An yi biki, an rataye bishiyar a zauren coci da sunan Tamsin a gindinta, mutane suna ta yabawa. Na Fadama ma sun zo, suka tsaya daga baya kamar kullum. Wata tsohuwa a cikinsu ta dubi cikina ta yi min fatan sauka lafiya, ta kira ni 'yar'uwa. Da can da na ɗauke kai. Ranar na amsa.

Irving na gaya wa a makon. Ya ce abin da ya zo ya zo, amma daga wannan ɗan ba ƙari, na ce ni ma haka na gani. Warren kuwa na jira sai da hunturu ya kama, bakin ruwa ya daskare, aka janye kwale-kwale duka zuwa tudu. Sannan na kai shi kusurwar maƙabarta na nuna masa dutsen. Ya yi dariya, ya ce ashe shi ya sa nake ta harar ƙafarsa, shi ya zaci takalminsa nake so. Da bazara ta zo ya fita ruwa ya dawo, ya sake fita ya dawo, ni kuwa kullum ina bakin taga. Yarinyar da yake nema ce ya daina zuwa gidansu. Yanzu rawa ta kama shi, yana ɗakin sama na gidana, ni ke ba shi abinci a baki, kuma na sa tsumma a ƙafafun kujerar.

Ɗana Lyman sunansa, sunan da babu kowa a maƙabartar nan da ke da shi. Ya zama saurayi, ya fi ubansa tsawo. In ni na tsira, ya tsira, haka likitoci suka ce, don ciwon ba ya tsallake uwa ya kama ɗa. Saboda haka ni ce ƙofar. Na wuce arba'in da 'yan kai, kullum da safe sai na miƙa hannuwana a gabana na duba kafin in sauko daga gado. Ban taɓa zaunar da shi na yi masa bayani ba, ina ta cewa sai ya ƙara girma.

Jiya muna cin abincin rana cokali ya suɓuce min ya faɗi ƙasa. Cokali ne kawai, hannuna da maiƙo, kowa na yar da cokali. Lyman ya sunkuya ya ɗauko ya miƙo min. Bai dubi fuskata ba. Hannuna ya duba.