Ranar da Sajan Tasi'u Ya Kulle Kawunsa

Ofishin 'yan sandan ƙauyen ɗaki biyu ne kacal, a bakin hanyar da ke fita Danchadi. Tun zamanin En'e aka gina shi don 'yan doka, masu kama ɓarayin kasuwa da raka mai laifi gaban alƙali. Da aka soke 'yan doka sai ya zama kango, awaki na fakewa ciki, har mutanen gari suka yi gayya suka sake masa rufi, suka roƙi a ba su ɗan sanda. Aka turo Sajan Tasi'u, ɗan garin, wai shi ya san mutanensa. Shekara shida yana neman a canza masa wurin aiki, shiru kake ji.

Aikin ba shi da yawa: shanu sun shiga gona, an sace buhun albasa, maƙwabta sun yi cacar baki. Sai dai duk wanda aka kawo gabansa, in ba ɗan'uwa ba ne to wanda ya goya shi ne.

Wata Talata da damina, da hantsi, rikici ya tashi kan iyakar gonar gero tsakanin Na'Allah, yayan mahaifiyar Tasi'u, da Malam Tukur, mahaifin matarsa Safinatu. Na'Allah ya ɗaga ƙotar fartanya ya sauke wa Tukur a ka. Aka ɗauki Tukur a keke napep zuwa asibiti a Bodinga bai san inda kansa yake ba. Tasi'u ya je gonar ya tarar da kawunsa zaune a kan kunyar gero.

"Kawu, tashi mu tahi."

Bai yi musu ba. Tasi'u ya sa shi a ɗakin ciki ya datse kwaɗo, ya buga waya Bodinga a turo mota. Kafin motar ta taso ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya, kwarin da ke tsakani ya cika ya yanke hanya.

Ruwan na tsagaitawa mutane suka taru. 'Ya'yan Tukur a hagu da sanduna, suna cewa a fito musu da shi. Dangin Na'Allah a dama, su ma a fito musu da shi. Tasi'u ya tsaya a bakin ƙofa da bindiga a kafaɗa, babu fuska ɗaya a wurin da bai sani ba.

Sai ga mahaifiyarsa, Inna Jummai, mayafinta jiƙe sharkaf.

"Tasi'u, wanga da ka kulle shi ya biya maka makaranta. Shi ya ɗauko azarar ɗakin ga bisa kainai lokacin gayya. Buɗe mai."

"Inna, in na buɗe kashe shi za su yi."

"To ka buɗe ta baya."

"Ɗakin ba shi da baya, Inna."

Ta samu dutse ta zauna. Can gefe ya hango Safinatu da goyo, ba ta matso ba, ba ta kuma tafi ba. Wayarsa na cikin aljihu, duk sanda ta yi ƙara sai ya yi saurin zaro ta, don ya san in labarin mutuwa ne ƙofar nan ba za ta tare kowa ba.

Daga ciki kawun ya yi magana a hankali ta tagar ƙarfe.

"Ɗana, ya cika?"

"Ban sani ba, Kawu."

"Wallahi taki ukku na ƙasa munka yi wa haka."

Bayan la'asar aka kira daga asibiti cewa Tukur ya farfaɗo. Tasi'u ya ƙara muryar wayar kowa ya ji. Sandunan suka ɗan sauka. Bai jira su sake ɗagawa ba, ya buɗe, ya kama hannun kawunsa suka ratsa tsakiyar mutane. Ruwan kwarin iya ƙirji ne. Tsohon ya zame sau biyu, Tasi'u na tallafe da shi har suka haye inda motar ke jira.

Tukur ya rayu, amma kunnensa ɗaya ya daina ji. Kotu ta ɗaure Na'Allah wata shida. Safinatu ta tafi jinyar mahaifinta ba ta dawo ba sai bayan kaka. Inna kuwa in Tasi'u ya gaishe ta sai ta ce "lahiya," ta ci gaba da abin da take yi.

Ranar babbar salla shi aka sa gadin masallacin idi. Ya tsaya a bayan sahu cikin kaki har aka shafa addu'a, gidajen biyu suka wuce ta gabansa ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya ce ya biyo ya ci nama.